Hadarin Gabas Da 'Ya'yan Gungu

Ku 'yan makaranta da aka haifa a tudu, in hadari ya haɗo daga gabas, abin da ke ranku bai wuce ku kwashe shanya, ku rufe taga, ku zauna jiran ƙamshin ƙasa ba. Mu kuwa da aka yanke wa cibiya a tsibiran Kwara, can ƙasar Yawuri, muka zo Zariya neman ilmi, wani abu dabam ke faɗo mana a rai. Dalili kuwa, mun san inda hadarin nan ya dosa in ya bar kanmu.

Duk wanda ya lura ya san hadarin ƙasarmu daga gabas yake tasowa, ya yi yamma. Masanan yanayi sun auna tafiyarsa, sun ce irin mai iskan nan na farkon damina yakan ci wajen mil 30 cikin sa'a guda. To, daga Zariya zuwa Yelwa, in an miƙe sak yadda tsuntsu ke tafiya, wajen mil 200 ne. Ku buga lissafin da kanku, ai an koya muku. Watau iskar da ta kwashe mana rufin ɗakin karatu da azahar, in ba ta mutu a hanya ba, za ta bi ta kan Kwantagora, ta sauka a bakin kogi wajen lisha. Gaskiya ne da yawa sukan watse tun ba su kai ba, wani kuma ya haɗu can kusa da su ba mu sani ba. Amma zuciya ba ta jin wannan magana. Ita dai ta ga baƙin abu ya wuce, ya nufi gida.

Bari mu gaya muku ko su wane ne mu, don mun lura da yawanku ba su taɓa jin labarinmu ba. Da Hausa gungu shi ne tsibiri, saboda haka Hausawa suka sa wa mazauna tsibiran nan suna Gungawa. Su kuwa suna kiran kansu Bareshe, suna da harshensu dabam. Manoma ne, masunta ne kuma. Albasar Yawuri da kuke jin labari, kakanninmu ne suka yi suna da nomanta a bakin ruwa da rani. Muna zaune tare da Sarkawa, waɗanda su sai su kaɗai suka sa gaba, da Shangawa ta arewa, da Kambari da Lopawa. Yaron gungu kan iya riƙe filafili tun bai iya ɗaura wando ba. Saboda haka kada ku zaci tsoron ruwa muke yi irin na wanda bai saba ba. Sanin ruwa ne ya sa muke tsoro.

Ruwan da kakanninmu suka sani kogi ne. Ya rarrabu tsakanin tsibirai, nan rafi, can mashigi, kowane da sunansa. In iska ta taso mutum yana tsaka, sai ya ja filafili kaɗan ya raɓa jikin wani gungu, ya kama ciyawa ko saiwar itace, ya jira ta wuce. Suna da lissafin cikarsa kuma, sau biyu a shekara. Akwai farin ruwa, mai laka, na daminar ƙasashen nan kusa, wanda ke zuwa wajen Agusta zuwa Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya zubo tun daga duwatsun Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali ta wajen Tambutu, ya zubar da lakarsa can, ba ya isowa gare mu sai da sanyi, garau da shi. A kan wannan lissafi suke shuka, a kansa suke tafiya.

Sai aka zo aka datse Kwara a Kainji. An fara aikin cikin 1964, aka gama cikin 1968, ruwa ya taru a bayan madatsa ya zama tafki mai tsawon wajen mil 85, faɗinsa kuwa a inda ya fi buɗewa ya kai mil 15. Aka ta da mutane wajen 44,000 daga gidajensu. Tsohuwar Busa ta nutse, har da duwatsun da suka ci Baturen nan Mungo Park cikin 1806. Babban tsibirin Foge, wanda mu muke ce wa Hoge, ruwa ya hau kansa. Aka gina wa mutane sababbin garuruwa a tudu, suka tafi da sunayen tsibiransu, shi ya sa har yau za ka ji ana ce wa ƙauye Gungun kaza alhali kuwa da ƙafa za ka shige shi. Waɗansu tsibiran, musamman na arewa, daga wajen Yelwa zuwa ƙasar Shanga, sun tsira, akwai mutane a kansu har gobe. Namu yana cikin waɗannan.

Ba mu ce madatsar nan ba ta yi amfani ba. Fitilar da muke karatu da ita da dare, mai yiwuwa ne da ruwan garinmu aka kunna ta. Amma ta sāke halin ruwa, kuma abin da ta sāke shi ne ainihin abin da ke hana mu barci. Iska ba ta iya ta da babbar igiya sai ta sami fili mai tsawo da za ta bi ta kan ruwa tana tura shi. A da tsibirai ke karya ta. Yanzu kuwa, daga wajen Wara zuwa gaɓar Borgu, ba abin da ke tare ta. Raƙuman ruwa kan taso irin waɗanda tsofaffinmu ba su taɓa gani ba a ƙuruciyarsu, su kuwa jiragenmu na katako masu shimfiɗaɗɗen ciki don kogi aka sassaƙa su.

Ga kuma wani abu da ido ba ya gani. Itatuwan da ruwa ya shanye cikin 1968 ba duka aka sare ba. Suna nan tsaye a ƙarƙashi, sun bushe sun yi tauri kamar ƙarfe. Tafkin kuwa yakan ja baya kowace shekara, tun daga ƙarshen rani har a shiga tsakiyar damina, gama ana ta sakin ruwa don wuta, sabo kuwa bai iso ba. To, ku duba yadda abin ya haɗu: lokacin da kututturan nan suka matso kusa da fuskar ruwa, shi ne daidai lokacin da iskar farkon damina ta fi hauka, watau Afrilu, Mayu da Yuni. Jirgi na gudun iska, ga duhu, ga inji ya buɗe wuta, sai ya hau kan abin da ba a gani.

In hadari ya wuce mu a nan, sai ka ga 'ya'yan gungu sun fara neman juna ba wanda ya kira wani. Kowa ya ɗauko waya. A nan ne kuma wata wahala ta dabam take, wadda ba a rubuta ta cikin littafin labarin ƙasa ba. Mutanenmu ba su saba faɗin mugun labari ga na nesa ba. Ka buga, in an yi sa'a ta shiga, ka durƙusa da murya ka gai da tsoho.

"Baba, barka da yamma. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ina karatu?"

"Da godiya. Baba, yaya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

Shi ke nan! Ko rufin ɗaki na bisa itace, ko rumbu ya kife, amsar ke nan, ruwa ya yi gyara. Sai ka koma kana sauraron abin da ke bayan muryarsa, ko za ka ji ƙarar kwano, ko kukan awaki, ko muryar Inna tana kiran yara su shigo. Ka ce, "Baba, yanzu wata iska ta wuce mu nan, ta yi wajenku." Ya ce, "To, Allah ya kawo ta da sauƙi. Nan gari garau yake, har taurari sun fara fitowa." Gaskiya ya faɗa kuwa. Shi yana ganin samansa, kai kana ganin abin da ke tafe, ba kuwa yadda za ka ɗauki idonka ka ba shi.

Abin da muke so mu ce a wayar nan gajere ne: kada kowa ya hau ruwa yau da dare, kada a bar jirgi ɗaure a gefen gabas, gobe kasuwa a dawo da wuri. Amma ku faɗa mana, da wane baki yaron da aka tura makaranta jiya zai koya wa mutumin da ya shekara hamsin a kan ruwa yadda ake karanta sama? Kunya takan kama harshe. Waɗansunmu sukan bi ta hannun Inna, ko ta kawu, ko su ce, "Malaminmu ne ya ce a gaya muku," don maganar ta yi nauyi. A ganinmu dabarar nan ba laifi ba ce. Tsofaffinmu sun fi mu sanin alamun kusa nesa ba kusa ba: yadda zafi ke yin nauyi, yadda iska ke ɗaukewa ɗif kafin ta juyo, yadda tsuntsaye ke komawa gaɓa. Sai dai alamun nan rabin sa'a suke ba mutum, ko ƙasa da haka. Rabin sa'a ta isa a kogi. A tsakiyar tafki mai faɗin mil 15, da jirgi cike da buhunan albasa da babura da mata masu goyo, ba ta isa ba.

Zancen lodi kuwa, kowa a ƙasarmu ya san ranar 26 ga Mayu, 2021. Wani jirgi ya taso daga Lokon Minna, cikin Jihar Neja, zai zo Wara ta ƙasar Ngaski, da mutane fiye da 150 a ciki, ya farfashe a tsakiyar ruwa. Waɗanda aka fitar da rai ba su fi 20 da 'yan kai ba. Hukuma ta ce lodi ne ya fi ƙarfinsa. To, in jirgi zai iya yin haka da kansa saboda nauyi, ina ga ranar da iska ta sa hannu? Tun daga ran nan ba mu ƙara jin an ce "ran kasuwa" da "hadari" cikin magana ɗaya ba face gabanmu ya faɗi. Akwai rigar nan da ke hana mutum nutsewa, an sha rabawa a bakin ruwa, hukumar hanyoyin ruwa kuma ta hana tafiyar dare. Amma wanda ya kai kifinsa Yelwa bai sayar ba sai la'asar sakaliya, kwanan gari kuɗi ne, gida kuwa ga shi can ana hangowa. Mun san abin da zai zaɓa, gama mu ma mun sha zama cikin jirgin nan.

Wajen ƙarfe tara na dare wayar takan daina shiga. Wannan ba ya nuna kome, don ko yayyafi aka yi takan ɗauke, mu ma mun sani. Duk da haka sai ka ga mutum ya buɗe littafi shafi ɗaya har sha biyu. Wani ya tashi ya yi alwala. Wani ya shiga ƙidayar waɗanda ya san suna da dalilin ƙetarewa yau, wane ya kai mara lafiya asibiti, wance ta tafi suna Zamare. Na kusa yana da aikin yi, yana danne rufi, yana jawo jirgi tudu, yana tattara yara ɗaki guda, tsoronsa na fita ta hannu. Mu namu ba shi da mafita, sai ya zauna a ciki yana cin mai shi. Abokan kwananmu 'yan tudu sukan ce, "Haba, ruwan sama ne fa kawai!" Ba mu jin haushinsu, ba su taɓa ganin an jera mutane a kan yashi an rufe da tabarmi ba.

Da asuba, in Allah ya yi, sai waya ta shiga. Tsoho ya ɗauka, ka ji zakara na cara a bayansa, ya ce, "Kai kuma lafiya da sassafe haka?" Sai bayan kwana uku wani ƙane ya tsegunta maka cewa katangar gabas ta faɗi, taru biyu sun tafi.

Wani abin mamaki da muka koya a makarantar nan shi ne, iskar ba a Yawuri take tsayawa ba. Takan wuce Borgu, ta ratsa ƙasashen yamma ɗaya bayan ɗaya, har ta faɗa Tekun Atalantika daura da Dakar ta ƙasar Sanigal. Yawanci nan take mutuwa. Amma cikin Agusta da Satumba, sa'ad da ruwan teku ya yi ɗumi, wata takan sami abinci a can, ta fara juyawa kamar dutsen niƙa, ta yi ta girma. In gudun iskarta ya kai mil 74 cikin sa'a, ita ce ake ce wa mahaukaciyar guguwa, tana kuma da sunan da aka raɗa mata kamar jariri. Irin wannan ba ta zuwa ƙasarmu, mu iri kawai muke bayarwa. Wadda aka sa wa suna Irma daga gaɓar Afirka ta fita a ƙarshen Agusta, 2017. Ran 6 ga Satumba ta hau wani ɗan tsibiri a tekun Karibiyan da ake kira Barbuda, ta rushe kusan dukan gidajensa, har aka kwashe mutanensa kaf, ba su kai 2,000 ba, aka kai su tsibirin Antigwa.

Mutanen nan baƙaƙe ne kamarmu, jikokin waɗanda aka kwasa daga Afirka zamanin cinikin bayi, da yawansu kuma masunta ne. Suna da 'ya'ya masu karatu da aiki a Ingila da Amurka. Su nasu hadarin kwana da kwanaki ake nuna musu shi a taswira yana matsowa, ana faɗin sa'ar da zai sauka, su kuwa suna zaune a ɗakin haya da waya a hannu, har lokacin da ta daina shiga.