Minti Ashirin Ɗin Kowa

Kwamfuta biyu ce kacal ke aiki a ɗakin kwamfutar makarantarmu da ke Musawa, mu kuwa 'yan aji shida mun haura arba'in. Tun 2015 jarrabawar JAMB a kan kwamfuta ake rubuta ta, ga shi a cikinmu akwai waɗanda hannunsu ya fi sabawa da fartanya da tsinkar auduga fiye da linzamin kwamfuta. Saboda haka duk ranar da aka tada janareta, ɗakin nan sai ya koma kamar bakin rijiya da rani. An ce kowa minti ashirin, amma wa zai ƙirga? Agogon bango ya daɗe da tsayawa. Monita kuwa, in abokinsa ne a kan kujera, minti ashirin ba ya ƙarewa. 'Yan matan ajinmu su suka fi cutuwa, don sau da yawa kafin layi ya zo kansu mai ya ƙare.

Wani ɗan bautar ƙasa da aka turo mana shi ya sa wa kwamfutocin manhajar Linux. Ranar da ya tarar da mu muna cacar baki, sai ya buɗe wata baƙar taga da ake rubuta wa kwamfuta umarni, wadda ake kira shel, ya ce ɗayanmu ya rubuta wannan:

date +%s

Sai ga wata doguwar lamba mai alƙaluma goma. Wani daga baya ya ce, “Malam, lambar wayar wa ce wannan?” Aka yi dariya. Ya ce a sake bugawa. Da aka sake, sai muka ga ta ƙaru da tara ko goma.

Ashe ƙidayar sakan ce. Kwamfuta tana lissafa sakan nawa suka wuce tun tsakar daren Alhamis, 1 ga Janairu 1970, a agogon duniya, wato ƙarfe ɗaya na dare a agogon Najeriya. Masu tsara manhajar Unix a Amurka, su Ken Thompson da Dennis Ritchie, su suka bar wa duniya wannan mafari, Linux da wayoyin Android kuma suka gaje shi. Abin bai yi mana baƙo ba. Kalandar Musulunci daga Hijira take ƙirgawa, kakanninmu kuma in an tambaye su shekarun wani sai su ce an haife shi shekarar da aka daina fam da sule, wato 1973. Kowace ƙidaya da turken da aka ɗaure ta. Bambancin kawai, ita wannan ba ruwanta da wata ko shekara. Kullum sakan 86,400 ake ƙara mata, ta kai biliyan ɗaya a Satumban 2001, ta haura 1,700,000,000 a Nuwamban 2023. Kuma lambar da aka gani a Musawa ita za a gani a Makka a daidai wannan lokaci, ko da agogunan bango sun sha bamban.

To ina amfaninta ga rigimarmu? Gwada cire 11:52 daga 12:09 da ka, za ka ɗan yi jim. Amma lamba biyu zalla, ɗebewa kawai za a yi. Muka haɗa 'yan layuka, na farko idan mutum ya zauna, sauran idan ya tashi:

farko=$(date +%s)
karshe=$(date +%s)
echo $(( (karshe - farko) / 60 ))

An raba da 60 ne don sakan ya koma minti. Sau biyu muka yi tuntuɓe. Da farko mun bar fili a gefen alamar daidai, shel ya ƙi karɓa. Sannan wani ya sa babban S a madadin ƙarami, shi kuwa babban sakan na cikin minti kawai yake nunawa, bai kai ko ɗari ba. Kusan rabin awa muka ɓata a kan harafi ɗaya.

Daga baya muka sa ana ajiye lambar farko a fayil, don ko janareta ya mutu kada wani ya ce bai fara ba. Nan ne muka ga abin mamaki. Wata rana wuta ta ɗauke wata ɗaliba na tsakiyar amsa tambayoyin gwaji. Da aka sake kunnawa, kwamfuta ta ce lokacin da ta ci ya yi ƙasa da sifiri da miliyoyin mintuna. Wato ta tashi tun kafin ta zauna! Maza suka fara cewa ai dama na'urar ƙarya take yi, a koma tsarin monita. Da an koma, mun san su wa za su sake rasa layi.

Malamin ya kwance murfin kwamfutar ya nuna mana wani ɗan batir mai kamar kwabo. Shi ke riƙe agogon ciki idan babu wuta. Namu ya mutu, agogon ya koma shekarun baya, umarninmu kuwa abin da agogo ya faɗa masa shi yake kawowa. Muka yi karo-karo, wani ɗan ajinmu da zai je Malumfashi ya sayo sabo. Ɗalibar nan aka mayar mata da mintunanta cif.

Malamin ya taɓa gaya mana cewa tsofaffin na'urori masu ajiye wannan lamba a ƙaramin gurbi za su cika maƙil ranar 19 ga Janairu 2038, idan ta kai 2,147,483,647. Muka lissafa, lokacin yawancinmu mun doshi talatin. Ya gama bautar ƙasarsa ya tafi. Yanzu kafin mutum na farko ya zauna, sai an rubuta date ita kaɗai an gwada da agogon wayar malamin aji, sannan a kira suna daga kan takarda.