Sabo Ake Yi Wa Kuka

 A wannan makon za mu yi magana a kan abin da muka san wasu za su yi wa dariya tun kafin su kai rabin shafi. Maganar kyanwoyi ce, kuma kyanwoyin da suka mutu. Muna roƙon ku daure ku karanta har ƙasa, in ya so sai ku yi dariyar daga baya.

Mu uku ne 'yan gida ɗaya. Biyu muna nan makarantar, autarmu tana firamare. Ba mu da kyanwa a gida, domin Babanmu yana da asma, gashinta yana tayar masa da ciwon. Amma a unguwarmu duk mai kyanwar da zai yi tafiya, mu yake bar wa ita. Wani zai tafi ƙauye hutun Sallah, wata za ta je biki, wani kuma aikin Hajji. Akuya da kaji ana iya kai su gidan maƙwabta, kyanwa kuwa ba ta yarda da haka. Gidanta ta sani, in ka kai ta wani wuri sai ta sulale ta koma. Saboda haka sai a kawo wa Innarmu makulli, mu kuma mu riƙa zuwa da safe kafin makaranta, da yamma kuma bayan an tashi daga Islamiyya. Mu zuba abinci, mu canza ruwa, mu zubar da yashin da ke cikin tsohon daro mu sa sabo, mu wanke hannu da sabulu. Sai mu ɗan zauna da ita, don ita ma tana jin kaɗaici. Ladanmu ba ya wuce dabino ko biskit ko naira ɗari biyu, kuma ba don shi muke yi ba.

Cikin shekara uku mun riƙe kyanwoyi sun fi 20. Bakwai daga cikinsu yanzu babu su. Muna da wani littafin rubutu mai shuɗin bango da muka keɓe musu. Kowace tana da shafinta, inda muke rubuta sunanta da launinta, abin da take so ta ci, inda take kwana, da abin da ya kashe ta. Ga huɗu daga ciki.

Shafin farko na Toka ne. Ta Hajiya ce, tsohuwar da gidanta ke kallon namu, kuma launinta sak tokar murhu. Mun riƙe ta sati biyar lokacin da Hajiya ta tafi Makka. Kwana ukun farko tana kan katanga tana hararar mu, sai mun fita take saukowa ta ci. A rana ta huɗu ta zo ta goga kanta a ƙafar autarmu, daga nan muka zama 'yan gida. In ana zafi gindin randa take kwanciya, in ana sanyi kusa da murhu. Ba ta taɓa tuwo sai an murmushe mata kan busasshen kifi a kai. In ta ƙoshi sai ta hau cinyar mutum tana wannan ƙarar ta maƙoshi da kakarmu ke cewa wuridi take yi. Shekararta 14, kuma kyanwar da ake kula da ita takan kai shekara 12 zuwa 15, wasu ma su wuce. A hunturun bara ta daina cin abinci, ta shige bayan buhunan gawayi, domin kyanwa in ba ta da lafiya ɓuya take yi. A nan aka same ta da safe. Hajiya ta aika aka kira mu, ta ce, "'Ya'yan nan, ƙawarku ta tafi." Muka ce, "Hajiya, sai haƙuri." Ta ce, "Ku ma sai haƙuri." Wannan ne karo na farko da wani babba ya ba mu haƙuri a kan dabba.

Kwamanda muzuru ne ja, kunnensa ɗaya a yage. Na mai tiredan bakin layinmu ne, wanda muke kira Kawu. Shi fa ba kyanwar Lami ba ne, yana cizo yana yakushi, kuma Kawu yakan ce tun da ya same shi ɓera bai ƙara huda masa buhun shinkafa ba. Da damina Kawu yakan rufe shago ya tafi gona sati biyu, ya bar mana shi. Shafinsa ya fi kowanne yi mana nauyi, domin a hannunmu ya mutu. Wata yamma muka tarar da shi a bayan shago yana amai, ya kasa tsayuwa, ga ragowar ɓera a gefensa. Baba ya ɗauke shi a kwali a kan babur zuwa asibitin dabbobi, amma bai kai safe ba. Likitan ya ce guba ce. Wani gida a layin ne ya zuba maganin ɓera, ba da nufin cutar da kowa ba. Ɓeran da ya ci guba ba lallai ya mutu nan take ba, yakan fito yana tangaɗi, shi ne kuwa ya fi sauƙin kamawa. Kyanwa ta cinye shi, gubar ta koma cikinta. Baba ya kira Kawu a waya, sannan ya miƙo mana, ya ce mu aka ba amana, mu za mu faɗa. Muka ce, "Kawu, Kwamanda ya mutu." Ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "Allah ya yi muku albarka da kuka kai shi asibiti." Da ya dawo sai ya sayo tarkon ɓera, ya cire maganin daga cikin kayan da yake sayarwa.

Alawa 'yar ƙarama ce, wata biyar, fara mai ɗigon ja a goshi. Sau ɗaya kawai muka riƙe ta, kwana huɗu, amma har yanzu muna tuna yadda take bin igiyar takalmin makarantarmu. Bayan mun mayar da ita ta yi mura, mai ita ta tausaya mata, ta ɓallo rabin ƙwayar farasitamol ta ba ta. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani kamar tamu, ko gutsuren ƙwaya ɗaya yana iya kashe ta. Fuskarta ta kumbura, dasashinta ya canza launi, kwana biyu ta mutu. Matar ta yi kuka sosai, domin taimako ta yi niyya.

'Yar Baƙa ta Anti ce, ma'aikaciyar jinya, kuma duk satin da take aikin dare mu muke zuwa. Baƙa ce wuluk, idanunta rawaya. Yara da yawa suna cewa mayya ce ko aljani, wai don idonta yana walƙiya da dare. Malaminmu na kimiyya ya yi mana bayani cewa a can bayan idon kyanwa akwai wani shimfiɗi kamar madubi da ke mayar da haske, shi ke taimaka mata ta gani a duhu. Farar kyanwa ma tana da shi, kare da akuya ma suna da shi, ba wanda ya taɓa ce wa akuyar gidansu mayya. Cikin kyanwa kamar sati tara ne, kuma mun ƙirga na 'Yar Baƙa tare da Anti. Ta haifi huɗu a kwali ƙarƙashin gado, idanunsu a rufe, sai bayan kwana takwas zuwa goma muka ga sun fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Suna da sati uku ta fita neman abinci, wasu yara sa'anninmu suka tare ta da jifa. Ta ja jiki ta dawo gida ta kwanta wajen 'ya'yanta, washegari ta mutu. Muka riƙa ba su madarar da likitan dabbobi ya kwatanta mana, da sirinji marar allura, muna karɓa-karɓa da Anti. Biyu suka rayu. Ɗaya tana gidan Hajiya yanzu. Mun ce a sa mata Toka, Hajiya ta ƙi, ta ce kowace da sunanta.

Mun sha jin ana ce mana, "Kyanwa ce fa! Kuma ba ma taku ba." Gaskiya ne, ba tamu ba ce. Amma Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka. Wanda ya yi wata guda yana buɗe ƙofa, wata halitta tana tahowa da gudu da jela a sama don ta ji motsin makullinsa, ranar da ya buɗe bai ga kowa ba dole ya ji wani abu. Mai kyanwa yana da gida da kwanonta da hotonta a waya. Mu da muka yi jira, makulli kawai muke mayarwa. Shi ya sa muka sayi littafin.

Mun san bambancin mutum da dabba. Ba ma zaman makoki, ba ma fashin makaranta. Abin da muke yi shi ne mu roƙi mai ita kada a jefar da gawar a bola ko a kwata. Mu haƙa rami mai zurfi a gindin dalbejiyar bayan gida, mu naɗe ta a tsohon tsumma, mu rufe, mu ɗora dutse. Wannan ya fi tsabta ga unguwa, kuma in guba ce ta kashe ta, kare ko ungulu ba za su ci su mutu ba.

Ashe ma ba mu muka fara ba. A shekarar 2004 masana suka ba da labarin wani kabari da aka tono a tsibirin Kubrus da ke tekun Bahar Rum, mai kimanin shekara 9,500. An binne mutum, an binne kyanwa kusa da shi, tazararsu ba ta kai rabin mita ba. Wani marubucin tarihi ɗan ƙasar Girka mai suna Hirodotus, wanda ya rayu sama da shekara 2,400 da suka wuce, ya rubuta cewa a tsohuwar Masar in kyanwa ta mutu a gida, mutanen gidan sukan aske girarsu don nuna baƙin ciki. Su kam sun wuce gona da iri, har bauta wa gunki mai kan kyanwa suka yi. Mu ba mu aske gira ba, kuma muna ba ku tabbacin ba za ku gan mu a wurin taron safe da gira a aske ba.

A Islamiyya kuma mun koyi cewa Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, laƙabinsa yana nufin mai 'yar kyanwa, saboda wata 'yar kyanwa da yake ɗauka. Mun kuma karanta hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim na matar da aka yi wa azaba saboda ta tsare kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Duk lokacin da aka miƙo mana makulli, wannan hadisin ne yake fara zuwa mana a rai. Ko ana ruwa, ko muna da jarrabawa, sai mun je.

Wata rana muka zauna muka duba layin ƙarshe na kowane shafi. Cikin bakwai ɗin, biyu ne kawai tsufa ya kashe. Biyu guba, ɗaya maganin mutane, ɗaya jifa, ɗaya a-daidaita-sahu ya take ta. Biyar ke nan da hannun mutum a ciki, kuma huɗu daga cikin biyar ɗin ba mugunta ba ce, rashin sani ne ko rashin lura. Da ba mu rubuta ba, da ba mu gane haka ba. Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mana makulli sai mun nuna masa littafin.

Saboda haka ga roƙonmu gare ku, 'yan uwa. In ɓera ya dame ku a gida, ku ba iyayenku shawara a sa tarko. In dole sai an sa magani, a sanar da maƙwabta masu kyanwa da kaji, a kuma binne mataccen ɓeran. Kada a ba kyanwa maganin mutane ko da na ciwon kai ne, a kai ta asibitin dabbobi. In za ku ba ta ragowar abinci ku guji mai albasa da tafarnuwa da yawa, suna lalata mata jini. In kun ga kyanwar gidanku ta ɓuya ta ƙi cin abinci kwana guda, ku gaya wa babba. In kuma kun ga abokinku ya ɗauki dutse, ku riƙe masa hannu. Wataƙila tana da 'ya'ya huɗu a kwali suna jiran ta.

Malamanmu, muna roƙon ku ma ku ɗan taɓa wannan magana a aji, domin in ta fito daga bakinku an fi jin ta.

Mun san akwai waɗanda suka taɓa rasa mage ko kare ko tunkiya ko tattabara, suka yi shiru don kada a yi musu dariya. Littafinmu yana da sauran shafuka. Duk mai so ya rubuta sunan dabbarsa da abu ɗaya da yake tunawa game da ita a 'yar takarda, ya jefa a akwatin ƙungiyar 'yan jarida da ke ƙofar ɗakin karatu. Ba sai ya sa sunansa ba. In malamin ƙungiya ya amince, za mu kafe su a wannan allon a mako na gaba.