Tambayoyin Da Na Yi Kafin In Miƙa Ƙanwata

Da ƙanwata ta fara yanka hannunta da reza, likita ya tura mu ga DBT, jinyar zantawa wadda Marsha Linehan ta Amurka ta wallafa tsarinta a 1993. Kunya ta so rufe mini baki, amma na daure na tambayi mai jinyar: ina lasisinki? A ina kika koyi DBT? Akwai ajin koyon dabaru, da kiran waya idan hankali ya tashi? Ta amsa babu ɓacin rai. Ta ce sirrin yarinyar amana ne, sai fa in rai na cikin haɗari, kuma tana da ikon canza mai jinya. Daren nan na samu barci. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.