Babana, kafin ka tafi Farm Centre

Babana,

  Ƙanenka ya ce ranar Asabar za ka taso daga Babura ka shiga Kano, kasuwar waya ta Farm Centre, ka sayo modem saboda karatun da kake yi ta intanet. Dakata tukuna. Na rubuto a fili ne don na san daga Roni har Gwiwa akwai masu shirin yin wannan sayayya.

Ka san ni ba injiniya ba ne, alli na riƙe shekara talatin da biyar. Amma garin nan namu na Kazaure ya daɗe da sanin kwamfuta. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki aka kafa makarantar Informatics, kuma ɗalibanta da na Kwalejin Hussaini Adamu ba sa rabuwa da zaurena. A bakinsu na ji rabi, sauran aljihuna ne ya koya mini.

Modem ɗan garuwa ce. Aikinta ta ɗauko sabis daga ƙarfen kamfani ta kawo. Rauta kuwa randar tsakar gida ce, kowa ya zo da modarsa: wayarka, wayar matarka, kwamfutarka. Kuma rautar da ake sa wa layi tana da modem a cikinta, ka ga ɗan garuwa da randa a kuɗi ɗaya.

Ka tuna ƙaramar modem ɗin nan tawa mai kamar ɗan yatsa? Kwamfuta ɗaya take yi wa aiki, in ta yi awa guda sai ta ɗau zafi kamar dutsen guga. Har igiya na ƙara mata na rataye ta a ƙarfen taga, duk da haka ranar da nake cike wa ƙanwarka takardar makaranta sau huɗu tana yankewa, sai da muka kai sha biyun dare. Daga baya na sayi ta aljihu mai batir. Ta fi, amma duk wanda zai fita sai ya zura ta a riga, gida ya zauna shiru, ga batirin bai shekara ba ya kumbura.

Rauta ba ta fita yawo. Eriyarta ta fi girma, saboda haka tana kamo sabis a inda waya ke nuna sanda ɗaya. Nemi mai gurbin eriyar waje, don rufin kwano da katanga mai kauri suna cinye sabis. Mu da duwatsu suka kewaye mun fi ku wahala; ku ƙasarku shimfiɗaɗɗiya ce, in ka ɗaga eriya a kan dogon ƙarfe ta fuskanci na kamfani, shi ke nan. A ɗaki kuma kada ka ɓoye ta bayan kabad don gudun yara. Kafa mata katako a sama, kusa da taga.

Za ka ce wuta fa? Yawancin irin waɗannan rauta bolt 12 suke ci, ba su kai fanka ci ba. Ƙaramin batir da ɗan faifan sola sun riƙe tamu, ko an ɗauke ba ma sani.

Amma kafin ka fitar da ko sisi, ari layin MTN da Airtel da Glo ka gwada kowane a cikin ɗakinka, bayan isha'i, lokacin da kowa ke kan waya. Sabis ɗin bakin titi ba shi ne na ƙuryar ɗaki ba. Sannan ka tambayi mai shago ko rautar a buɗe take ko an kulle ta a kan layi ɗaya. Ta kulle ta fi araha, amma ranar da layin ya kwanta kai ma ka kwanta. Zai nuna maka mai 5G, ya ce ita ake yayi. A 2022 MTN ta fara 5G a manyan birane irin su Kano. In ba ka gan ta a waya a gidanka ba, 4G ta ishe ka.

Data ma ba ta da arha yanzu, tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Ranar da ka kunna rautar, canza lambar sirrin da ke manne a gindinta. Ni sai da na ga samarin unguwa sun mayar da jikin katangata majalisa kullum da magariba, kowa kansa a sunkuye, sannan na gane inda datar wata ke tafiya cikin kwana goma.

Innarka ta ce in ka haɗa, ita za ka fara kira ta bidiyo, tana son ganin haƙoran jikarta, takwararta. Ka biyo ta nan in za ka koma, akwai ragowar igiyar eriya da zan ba ka.

Mahaifinka,
Kazaure