Maimaita Kafin Ka Amsa



Mu da muke riƙe da littafin zauren Maigida a nan Biyafara mun daɗe muna rubuta rigingimun jama'a: bashi, kuɗin haya, aure, gado. Sulhu ba baƙonmu ba ne, tun muna gaban malamai muka karanta umarninsa a Suratul Hujurati. Sai dai yadda muka saba, kowa ya faɗi nasa, dattawa su ba da haƙuri, a shafa Fatiha. Bayan wata biyu mu sake buɗe shafin nan, da sunayen nan.

Bayan rikicin zaɓen 2010 zuwa 2011, sa'ad da zancen sasantawa ya cika Abijan, wani ɗanmu malamin makaranta ya zo da tsarin wani Ba'amurke, Marshall Rosenberg. Mai ƙara ya faɗi abin da ya faru ba tare da laƙaba wa kowa suna ba, ya faɗi abin da ya sosa masa rai da abin da yake buƙata, sannan ya roƙa. Ɗayan kuwa ba zai amsa ba sai ya maimaita abin da ya ji.

A majalisar shayi dariya muka yi, har da mu masu alƙalami. Yaron da aka raɗa wa suna a gabanmu zai koya mana magana? Wani amininmu ya ce wannan ai aikin aku ne.

Maigida ya ce a gwada. Aka kawo 'yan albasa biyu daga Ajame, bashin jaka 200 ya shiga tsakaninsu. Mai binta ya yi bayani, aka ce wanda ake bi ya maimaita. Ya maimaita lissafin daidai. Da nasa lokacin ya zo, bai musa ko dala ba. Ya ce, "Alhaji, a ƙofar masallaci ka tare ni, ɗana yana riƙe da takalmana."

Aka ce Alhaji ya maimaita. Ya fara, da ya kai kan yaron sai muryarsa ta sarƙe. Ya daɗe yana kallon tabarma.

An biya kuɗin kashi huɗu, kuma ba mu sake buɗe shafinsu ba. Ba kowace rigima take jin wannan magani ba, akwai ta gado da ta fi ƙarfinmu har ta kai kotu. Amma aminin nan namu mai zancen aku, yanzu in gardama ta kaure a majalisa, shi ne yake ajiye kofinsa ya ce, "Dakata, Malam. Me ya ce tukuna?"