Zanen Gado da Hasken Taga

A ƙarshen shekarar 2016, mu wasu malaman makaranta a Difa muka yi shawarar ɗaukar hotunan dattawan da hare-haren Boko Haram na 2015 da 2016 suka koro daga Boso da ƙauyukan bakin Komadugu. Da yawansu sun fito ba su ɗauko ko takardar haihuwa ba, balle hoto. Mu kuma iyakar abin da muka mallaka shi ne wayar salula ɗaya da aji guda.

Da fari na so mu yi hayar labulen nan na masu hoto, mai dogayen benaye da motoci. Kuɗin ya fi ƙarfinmu. Sai wani abokin aikina ya ba mu labarin Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagon hoto a Bamako a 1948: zanen gadonsa ya fara ratayawa a bayan mutane, hasken rana kuma shi ne fitilarsa. Yau hotunan nan suna manyan gidajen tarihi na duniya.

Kashegari na kawo farin zanen gadona, kuma a nan na yi kuskuren farko. Waya tana auna haske ne da abin da ya cika hoton, saboda haka farin zane ya sa ta rage haske, fuskokin suka dushe. Muka musanya shi da shuɗi mai duhu. Muka zaunar da mutum taku biyu daga zanen don kada inuwarsa ta faɗa a kai, taga tana gefensa. A ɗaya gefen wani ɗalibi ya riƙe farin zanen, yana maido haske a kuncin da ke cikin duhu. Da yamma, fitilar sola da muka lulluɓe da siririn mayafi takan maye gurbin taga. Ba mu kashe ko dala ba, in ban da na igiya.

Wata tsohuwa ce ta gyara mana sauran. Ta ƙi shuɗin zanen, ta aika aka ɗauko tabarmar da ta taho da ita daga gida, aka rataya. Ta kuma riƙe busasshen tattasai a hannu, irin wanda take nomawa a bakin kogi kafin gudun. Ta ce so take jikokinta su san daga inda aka fito.

Tun ranar na daina jin kunyar rashin kayan aiki. Da mun sami kuɗin labulen benaye, da mun ajiye ta a gaban birnin da ba ta taɓa takawa ba. Ta rasu bayan shekara biyu. Hoton yana rataye a ɗakin ɗiyarta, an sa shi cikin leda saboda ƙurar hunturu.