Ushaw, Makarantar da Ta Rasa Magada

Tafiya kaɗan daga birnin Durham a arewacin Ingila, na iske kwalejin Ushaw a kan tudu, shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. An buɗe ta a 1808, bayan juyin juya halin Faransa ya kori Katolikan Ingila daga garin Douai, inda suke horar da limaman coci tun 1568. Sama da shekara 200 tana yaye limamai, sai a 2011 aka rufe ta saboda ƙarancin samarin da ke sha'awar aikin. Yau masu yawon buɗe ido ne ke zagaya majami'arta. Na zauna cikinta ina juyayi: makarantar da gudun hijira bai kashe ba, rashin magada ya durƙusar da ita.